Kaushi Kafin Sheƙi

A Matosinhos, bayan kasuwar kifi,
ruwan sama ya tsare Custódio kwana biyu.
Da ya dawo, shafen farko na ifoksi ya daskare,
yana sheƙi kamar idon kifin da bai kwana ba.

Albertina, mai shagon, ta tsaya bakin ƙofa,
fuskarta na kallonta daga ƙasa.
"Ai ya yi," in ji ta. "Zuba na biyu mu tashi."

Bai tanka ba. Ya ɗaure hanci,
ya durƙusa da samfefa mai lamba ɗari da ashirin,
ya shiga kashe hasken, taƙi bayan taƙi,
har daɓen ya dushe, ya yi furfura,
fuskar Albertina ta ɓace daga ciki.

"Kuɗina kake gogewa!"

"Santsi ba ya riƙe santsi," ya ce.
"Wannan ya riga ya rufe baki.
In na zuba sabo a kansa haka,
kafin sanyi ya wuce
zai ɗaye kamar ɓawon albasa,
ki kwashe da tsintsiya."

Ya zuƙe ƙurar da inji,
ya bi da tsumma, lungu-lungu,
ya kankare wani ƙuda da ya maƙale tun shekaranjiya.
Ya shafa tafin hannu, ido a rufe.
Kaushin ya kai.

Sai da yamma ya jiƙa rola.
Albertina ta ajiye masa kofi
kan akwatin sardin, can nesa da jiƙaƙƙen wuri,
ta fita da sanɗa,
takalmanta a hannu.