Niƙan Dare a Gagarawa

Bayan isha'i, da ɗan abin da rana ta bar mana a batir,
na jera su uku kan tabarma kamar masu jiran awo:
tsohuwar kwamfutar da sakandare ta yar,
wayar Tanimu mai tsagaggen gilashi,
da sabuwar da Ladidi ta aro mini a Dutse,
aron kwana biyu, ban da taɓawar yara.

Kalma ɗaya na ba su. Ba zan faɗe ta ba.
Ita ce ƙofar littafin ƙungiyar manoman riɗi,
inda buhun kowa yake kwance kusa da bashinsa.

Ba a ajiye kalmar sirri ɗanya.
Niƙa ta ake yi, a barbaɗa gishiri, a sake niƙawa,
a sake, a kuma sakewa,
har ta zama daddawar Inna Tasalla:
kowa ya san daga kalwa ta fito,
amma wa ya taɓa mayar da daddawa kalwa?

Na danna. Na zuba wa agogo ido.

Tsohuwa ta yi nishi, fankarta ta kama tari,
ta niƙa biyu a daƙiƙa, ta ukun ta maƙale a wuya.
Waya ta yi bakwai, bayanta ya ɗau zafi
har Tanimu ya ce a sauke masa ita kada ta dahu.
Baƙuwar Dutse kuwa ko gezau:
sittin da ɗaya, ba gumi, ba ƙara,
ta fi injin Gambo ranar kasuwa
da ke haɗiye tiya kafin mace ta gyara goyo.

Tanimu ya yi tafi. Ni jikina ya yi sanyi.
Lissafin ɗaya ne, na ce masa, hannu ne ya bambanta.
Mai gida da makulli ɗaya yake zuwa, ya buɗe sau ɗaya.
Ɓarawo ne ke zuwa da kwandon makullai,
yana gwada su ɗai-ɗai har asuba,
kuma injinsa ba na aro ba ne,
ba ya jiran rana ta cika masa ciki.
Saurin nan da kake yi wa tafi,
shi yake yi wa ƙwadago.

Sai na ninka zagayen niƙa.
Tsohuwa ta koma daƙiƙa guda cur kafin ta buɗe.
Na sake ninkawa: biyu.
Na sake: huɗu.
A nan na tuna Alhaji Sambo,
ƙafa ɗaya a ƙasa, babur a kunne,
yana son ganin kuɗin buhunsa tun jiya.
Na dawo biyu.
Nan ciniki ya faɗa,
tsakanin haƙurin Alhaji da haƙurin ɓarawo.

Batir ya nuna ja.
Daga bayan zana Inna ta ce, wacce ta ci?
Tanimu ya ce, baƙuwa, nesa ba kusa ba.
Ta yi shiru, muna jin tana kife kwano.
Ni tawa kwana uku take yi a rufe, ta ce,
ban ji wanda ya ce miyarsa ta makara ba.

Jibi Ladidi za ta zo ɗaukar ta mutane.
Tsohuwar ce za ta zauna da mu,
da tarinta,
da daƙiƙa biyunta.