Furen Darbejiya a Domayo

Ba wanda ya sanar da ni.
Hanci ne ya kawo labari
daren Talata, ina kwashe kofuna:
wani siririn ƙamshi ya gangaro daga sama,
ya ratsa hayaƙin babura da ƙaurin tsire,
ya zauna kan bencina kamar mai bina bashi.

Na ce, to, darbejiya ta yi huda.

Shekara goma sha tara ina dafa shayi
a gindin wannan bishiya, bakin gada, cikin Marwa.
Da ɗaci na san ta.
Ganyenta ake tafasa wa mai zazzaɓi
ya sha yana hararar mai ba shi.
Sai bazara ta kankama,
Mayo Kaliyawo ya koma rairayi zalla,
mata na tonon ruwa da ƙoƙo a tsakiyar kogi,
kwalta na riƙe takalmi da azahar,
sannan ita kuma take tuna
ashe tana da abin faɗa mai daɗi.

Furen bai fi ƙwayar shinkafa ba.
Fari ne, amma ba farin da ke kiran ido ba.
Yakan sauka a hular Malam Hamajam
ya bi shi har ofishin haraji bai sani ba.
Yakan sauka a madara.
Jiya wani ɗan acaɓa ya miƙo mini kofi:
"Maikano, ƙwaro a shayinka."
Na ce fure ne, kuma ban ƙara maka ko sisi ba.
Ya tsame da farce, ya yarfar,
ya koma zancen kuɗin fetur.

Sali, ɗan ƙanwata da ke karatu can gabas mai nisa,
ya turo hoto a waya:
itatuwa sun yi ruwan hoda reshe-reshe,
mutane sun bar aiki, sun baza shimfiɗu a ƙasa,
wai kallon fure suka fito.
Da asuba na nuna wa Barmani mai shara.
Ta daɗe tana dubawa, tsintsiya a hammata.
Ta ce, "To, wa ke share musu?"

Namu dai ita ke sharewa.
Daga gada zuwa kasuwa, kafin rana ta leƙo,
tana tara shi tsibi-tsibi a bakin kwata
tare da leda, ɓawon gyaɗa da guntun taba.
Ta ce sati uku ne kacal a shekara
da shararta ke ƙamshi.

A lambun bayan asibiti
marga ta rataya 'yan kunne rawaya,
'yan makaranta na layi a ɗauke su hoto.
Ban ƙi ba, ta iya ado.
Sai dai marga ba ta san sunana ba.

Wannan kuwa, babana ya shayar da ita da garwa
tun ba ta kai gwiwarsa ba,
ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki,
ana biyansa in wata ya mutu, wani watan a manta.
Bai sha inuwarta sosai ba.
Ban taɓa tambayarsa ko ya ji ƙamshin ba.

Saura kwana kaɗan.
Iskar hadarin fari za ta taso daga bayan duwatsu
ta kakkaɓe duka a dare ɗaya.
Daga nan sai 'ya'ya, sai jemagu,
sai ɗaci ya koma ɗakinsa.

Don haka yau na kashe garwashi da wuri
amma ban tafi gida ba.
Titi ya yi shiru, fitilar gada ɗaya ta mutu.
Ina zaune, yana zuba mini a wuya, a gwiwa,
ba shimfiɗa, ba mai ɗaukar hoto.
Na bar tukunyar ruwa a buɗe da gangan.
Kofin farko gobe na Barmani ne.