Kofin Da Ba A Shan Ruwa Da Shi

Da asuba na ɗauki tsintsiya.
Ɓawon gyaɗa, ledar ruwa, takalmi wari guda,
benci biyu sun karye a tsakiya,
ga hular wani a kan fanka, ban san yadda ta hau ba.
Rabona ke nan daga gasar nahiya.

Jiya mutum ɗari da ashirin a rumfar mutum sittin,
ban da masu leƙe ta hujin kwano.
Janareta na tari, ina lallashinsa kamar majinyaci:
kai mu minti casa'in, gobe in saya maka baƙin mai.

Istifanus ya tsallako gada daga Sabon Tasha,
wai wutarsu ta ɗauke tun la'asar.
Wuri ɗaya ya rage, kusa da Barau mahauci,
su biyun da rabon su gaisa
tun shekarar da ba ma son ambato.
Gwiwa na gogar gwiwa, ido na kan talabijin.

Sai ƙarin lokaci.
Sai bugun daga kai sai mai tsaron gida.
Ilu ya juya wa bango fuska, ya ce a dai faɗa masa.
Yaron can mai lamba sha ɗaya,
da ba mu san garinsu ba, shi ma bai san Tudun Wada ba,
ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya taku huɗu.
Raga ta girgiza.

Wallahi na ga Barau ya saɓa Istifanus a kafaɗa
kamar cinyar saniya ranar kasuwa.
Na ga masu babur a kan gada suna ta danna ham,
kudu na hawa arewa, arewa na gangarawa kudu,
kogin a ƙasa yana wucewa abinsa, ko ɗaga kai bai yi ba.
Mai shayi ya ce yau kyauta ne,
ya zuba kofi tara, sannan hankalinsa ya dawo.

Baba Tanimu kaɗai bai tashi ba.
Shekara ashirin da uku ya yi a masaƙar Kakuri
kafin a garƙame ƙofa.
Ya ce, "Na taɓa yin irin wannan ihun, da rediyo a kunne.
Washegari na je aiki murya a dashe.
Muryar ta dawo bayan kwana uku.
Aikin ne da ya tafi, har yau."
Ya ce, "Kofin nan, wa ka taɓa gani ya sha ruwa da shi?
A ɗaga, a sumbata, a kulle cikin gilashi,
jim kaɗan a sake cewa kowa ya fito ya nema."
Muka ce tsohon nan ya cika zuba wa gari yashi.

Yanzu rana ta hau kwanon rumfa.
Mai fetur ya aiko yaronsa da 'yar takarda:
lita sha biyu, ban da na wancan makon.
Tutar da aka ɗaura wa akuyar Gambo
ta riga ta cinye rabinta.

Istifanus ya dawo neman takalminsa,
Barau zai wuce da tire a ka,
suka yi kiciɓis a bakin ƙofa.
Na tsaya da tsintsiya a hannu, ina jira.
"Ina kwana."
"Lafiya lau."
Shi ke nan. Kowa ya kama gabansa.
Ba yawa,
amma shekaranjiya ko wannan babu.

Na jiƙa tsumma na goge allon ƙofa,
sunayen ƙasashen biyu suka narke, suka bi ƙasa.
Ilu ya leƙo, muryarsa kamar ta ƙwaɗon rani:
"Yaushe za a fara na neman gurbin kofin duniya?
Ni fa kocin nan bai kwanta min ba."

Na dube shi, na dubi karyayyun bencina.
Na ce, miƙo min allin.