Makafi Huɗu a Kejetiya

Ƙarfe biyun dare. Aboabo ta yi tsit,
sai janaretan Maikano mai walda da ke tari a bayan katanga.
Na saki sarƙoƙi huɗu a cikin kwamfuta,
kamar makafi huɗu da aka sauke
a ƙofofin Kejetiya daban-daban,
aka ce su lalubo inda gaskiya ta fi yin cincirindo.

Tambayar ba ta da girma:
cikin goro ɗari da ke isowa Kumasi,
nawa sankara ke riga mai saye ci?
Zaton farko daga bakin Baba na ɗauko shi,
shekara arba'in yana kwance huhu.
Shaida kuwa ni na ƙirga ta da hannuna,
har farcena ya rine ja.
Lissafin Bayes ya ce in aurar da su biyun,
in jira in ga ɗan da za su haifa.

To, ga makafina suna tafiya.
Kowane taku ɗan takun baya ne,
ya ɗauko hancinsa, ya ɗauko ɗingishinsa.
Na farko ya maƙale a layin masu atamfa,
yana ta kewaya rumfa guda
yana rantsuwa ya gama kasuwa.
Na biyu ya faɗa lungun masu kifi,
ya ce duniya duk ƙarni ce.

Samfuri dubu goma, in ji allo.
Na yi murna, na kusa tada Zuwaira daga barci.
Sai na tambayi na'urar: nawa ne a ciki
suka zo da labarin kansu?
Ta ce tamanin da uku.
Sauran duk 'yan amshi ne.

Na tuna ranar da aka ce an kama ɓarawo a Alabar.
Mutum talatin suka ba ni labari,
da na bi sawu, duk daga bakin mai shayi ɗaya ya fito,
shi ma ji ya yi, bai gani ba.

Baba ba ya ɗibar goro daga saman huhu.
Yakan ce na sama maƙwabtan juna ne,
ganye ɗaya ya rufe su, ciwo ɗaya suke yi.
Sai ya zura hannu har gwiwa,
ya ɗauko na gindi, ya tsallake, ya ɗauko na gefe,
ya fasa, ya shinshina, bai ce komai ba tukuna.

Na faɗaɗa musu taku.
Ya yi yawa: duk inda suka nufa a ƙi su,
suna tsaye cak kamar trotro a Sofolayin da yamma.
Na rage kaɗan.
Na zubar da takun dubun farko,
yadda Inna ke zubar da ruwan farko na wankin shinkafa,
don har yanzu ƙurar ƙofar da suka shigo na jikinsu.

Wajen asuba zanen ya canja.
Layuka huɗu, ja da kore da shuɗi da baƙi,
sun cakuɗe kamar gashin da bai ga kitso ba,
ba ka iya cewa wane ne ya shigo ta ina.
Ma'auni ya sauko dab da ɗaya.

Ban ce sun ga gaskiya ba.
Haɗuwar mutum huɗu a rumfa guda
ba ta hana wani lungu zama a rufe,
inda babu wanda ya taɓa leƙawa.
Na dai rubuta: tsakanin tara da sha huɗu.

Baba na alwala na karanta masa.
Ya kurkure baki, ya tofar,
ya ce, wa ya kawo kayan?
In na Alhaji Ɗanyaro ne, ƙara biyar.