Aikin Gidan Zuwaina

Malama ta ce a cika shafi biyu:
mulkin Oman, da arzikinta, da hanyoyinta.
Zuwaina ta zo da littafi a hammata,
ta same ni a bakin magudanar da muke kira falaj,
ƙafata ɗaya a ruwa, ina kwashe gansakuka.

"Kaka Halfan, wa ke riƙe da ƙasar nan?"

Na ce, rubuta: akwai Sarki a Maskat,
majalisa biyu, ɗaya a zaɓa, ɗaya a naɗa,
da Wali a garinmu, mai tuta a ƙofar ofis,
shi ya sa hannu a takardar filin babanki.
Wannan na malama ke nan.
Nawa mulkin ga shi can, sanda a kafe cikin rana.
In inuwarta ta taɓa dutse na uku
sai in toshe wa Hamud, in buɗe wa Shamsa,
ko da Hamud na bi na riyal goma.
Shekara arba'in da ɗaya ban ci wa kowa ɗigo ba.
Da dare taurari ke riƙe mini lissafi,
agogon da aka saya mini yana cikin akwati.

Ta ce wannan ba ya cikin tambaya.
Na ce to, wuce.

"Arziki fa?"

Rubuta man fetur, rubuta gas,
su suka sayi kujerar da kike zama a aji.
Ban taɓa ganin rijiyar ba, tana can cikin hamada
inda babanki ke yin mako biyu,
ya dawo da warin inji a wuyan riga.
Amma rijiya ba ta faɗin ranar ƙafewarta,
sai dai guga ya hau da yashi.
Shi ya sa ake ta gina tashar jirgin ruwa a Dukum,
ake kiran baƙi su zo su kalli duwatsunmu su biya.
Kar ki bar dabino, da lemun tsami,
da kifin Sur, da lubban na kudu,
da akuyar da na kai kasuwar Nizwa ran Juma'a,
aka zagaya da ita sau shida,
ba ta yi kuɗi ba, na dawo da abata.
Ki sa sunan Rajan ma, mutumin Kerala,
da ke hawa mini dabino tun da gwiwa ta ƙi ni;
rabin albashinsa na haye teku kowane wata.

"Ba a sa sunan mutum a irin wannan, Kaka."
Na ce ki sa, in an rage maki ni zan biya.

"Saura hanyoyi."

Nan na fitar da ƙafata daga ruwa.
Shekarar da zazzaɓi ya kama ƙanwata Asila
kwana biyu muka yi da jaki a kan dutsen can.
Mun isa wurin likita,
ita ba ta isa ba.
Yau kwalta ta yanka dutsen kamar kankana,
in kin karya kumallo a nan, azahar a Maskat.
Fitilu na ci a jere ko babu mai wucewa.
Teku ma an raba shi da gishirinsa,
ya bi bututu yana neman gidajen mutane.
Ina godiya. Rubuta cewa ina godiya.
Ba na dai son bin hanyar da dare.

Ta daɗe tana tauna bakin alƙalami.
"To falaj ɗin nan, a wane layi zan sa shi?
Mulki ne, ko arziki, ko hanya?"

Na buɗe baki ke nan
sai inuwa ta hau dutse na huɗu.
Lokacin gonar marayun Sulayyim ya yi.
Na dafa ƙasa zan miƙe, gwiwa ta ce a'a.
Zuwaina ta kife littafin a kan garu,
ta naɗe hannun riga,
ta ɗaga dutsen da tsumman da ke toshe bakin.

Ruwa ya juya hagu.
Shafi na biyu bai cika ba.