Akwatin Edinalva

Shekara talatin da ɗaya ina haɗa akwatin gawa
a bayan kasuwar Feira de Santana,
ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ya matse shi.
Da kamfani ya ƙwace cinikin
sai zartona ya koma wa masu rai,
su kuwa ba sa rabo da ƙorafi.

Ranar Talata Edinalva ta tsayar da tasinta a bakin rumfa,
ruwan toka, ƙofar baya sai an ɗaga take rufuwa.
Ta sauko da wufa mai inci goma sha biyu
naɗe a tawul kamar jinjiri,
ta ce, Jurandir, yi mata ɗaki.

Na ce ɗakin iri biyu ne.
Akwai rufaffe, ba kafar da iska za ta bi,
ƙarami, maganarsa a taƙaice,
ganga ta ce tim, ta tsaya, ba jan jela.
Amma akwai shi da cin wuta, batir ne shaida.
Akwai mai hanci, wanda ake huda wa rami,
yana shaƙa yana fesarwa,
gurnaninsa har layi na uku,
sai dai zai cinye miki but ɗin nan kaf.

Ta ce mai hancin.
Na ɗauko tef, ta buɗe but.

Keken guragu ne a ciki, a ninke,
da ɗan matashi mai zanen fure,
sun kwashe fiye da rabin wurin.
Na dubi keken, na dubi tef.
Tef ba ya ƙarya don a ji daɗi.
Lita hamsin da biyar mai hanci ke nema,
abin da ya rage bai kai talatin ba.

Na ce, keken ya koma kujerar baya mana.
Ta ce nan fasinja ke zama, nan abinci ke fitowa.
Na Dona Zulmira ne, mahaifiyarta,
wadda kunnenta ya mutu shekara shida ke nan.
Mijinta makaɗin zabumba ne,
kaset guda ya bari, da bashi.
Ta ce, ba unguwa nake so ta ji ba.

Ai da daga nan kika fara.

Rufaffe na yanka, katako mai kaurin babban yatsa,
gam a kowace gaɓa, noti bayan noti,
na cusa masa auduga don ya zaci cikinsa da faɗi,
na juya fuskarsa ga bayan kujera,
na ɗaure shi tamau da ƙashin motar.
Waya mai kauri daga batir, fis a kusa da kai,
don wuta ba ta san sabo ba.
Keken ya shiga, da rarar yatsa biyu.

Ranar Asabar suka zo tare.
Tsohuwa a baya, jaka a cinya,
fuska irin ta mai jiran layin asibiti.
Edinalva ta kunna, ta murɗa kaɗan.
Madubi ya soma ɓari,
sulallan da ke gaban giya suka ɗauki hira.
Dona Zulmira ta saki jaka,
ta manna bayanta da kujera,
ido a lumshe, tafin hannu yana dukan gwiwa,
daidai, ko sau ɗaya bai kauce ba.

Can ta ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa,
Har yanzu yana gaggawa a juyi na biyu.
Na sha gaya masa.

Edinalva ta kifa kai a sitiyari,
ban tantance dariya ce ko kuka ba.
Ni na shiga ciki neman fensir
alhali yana bayan kunnena.

Akwati nawa na rufe da hannun nan,
wannan ne kaɗai mamaci ya yi magana a ciki.

Ta biya rabi.
Saura sai ƙarshen wata.