Randa Biyu

Shekara goma sha tara ina riƙe da alli,
Ina auna wa yara kimiyya kamar gero a tiya,
Su kwafa, su haddace, su mayar mini ran jarrabawa,
Na ɗauka ita ke nan hanya.

Sai ga takarda daga ofishin ilmi:
Kwas na kwana shida a Katsina.
Na hau motar asuba daga Daura ina ƙunƙuni,
Wa zai koya wa guga hanyar rijiya?

Mu arba'in a ɗaki, can wajen Ƙofar Ƙaura,
Fanka ta mutu, gumi na bin wuya.

Malama Ladidi ta shigo ba littafi, ba jaka,
Aka biyo ta da randa biyu cike da ruwa,
Ɗaya an shafe ta da fenti har gindi,
Ɗaya kuwa yadda ta fito hannun maginiya.

Ta ce ku tsoma hannu, wanne ya fi sanyi?
Muka tsoma. Marar fenti.
Ta ce don me? Ta ja kujera ta zauna,
Ta bar mu mu da tambaya.

Na miƙe na faɗi sunan abin da Turanci,
Doguwar kalma, na ja ta har wutsiya.
Ta ce madalla, amma kakata ba ta jin Turanci,
Ga ta nan zaune, yi mata bayani.
Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai kunya.

Malam Gide na Mashi ya ce yumɓu ne da sanyi,
Tasalla ta Rimi ta ce inuwa ce,
Gardama ta kai mu har kiran azahar,
Ita ko alli ba ta taɓa ba, sai dariya.

Muka jiƙa tsumma muka naɗe kwalba,
Wata a rana, wata ana yi mata fifita,
Ma'aunin zafi ɗaya tal, muna karɓa-karɓa.
Na ga randa tana gumi kamar ni,
Iska ta taɓa goshina, na ji sanyi,
Nan abin ya faɗo mini a zuciya.

Ran ƙarshe ta ce ga guzurinku:
"Ban sani ba, mu gwada."
Ga wanda aji ke tashi tsaye in ya shigo,
Ƙashin kifi bai kai wannan wuyar haɗiya.

Na koma Daura, yara tamanin da huɗu,
Ba ɗakin gwaji, benci goma sha ɗaya.

Na sayi zoɓo da lemon tsami a kasuwa,
Na tsakuro kanwa a madafin matata.
Lemo ya mai da kofi ja zur,
Kanwa ta mai da ɗan'uwansa duhu-duhu.
Aji ya kaure, hedimasta ya leƙo ta taga,
Ya zaci dambe ake. Ya tuna mini manhaja,
Wai mako biyu nake baya.

Uwale, wadda tun zangon farko ban ji muryarta ba,
Ta ɗaga yatsa daga jikin bango:
Malam, toka fa? Ruwan tsamiya fa?
Ruwan rijiyar gidanmu mai ɗanɗanon ƙarfe fa?
Rabin amsa ya zo mini bisa harshe,
Rabin da zan ƙara masa kuwa ƙarya.

Na haɗiye. Na ce ban sani ba,
Kawo su gobe mu gwada.

Da safe na tarar da ita bakin ƙofar aji,
Toka a gwangwanin madara, ruwa a gora,
Ta riga ni, ta riga mai tsintsiya.